Iccen Gashin Layya a Ƙasar Arewa, Jiya da Yau

Duk wanda ya taɓa yin Babbar Sallah a Nijar ya san gashin layyarmu daban yake. Ana feɗe rago, a cire kayan ciki, a buɗe shi, a soke shi da sanduna biyu a gicciye, sannan a kafa shi a ƙasa yana ɗan karkata wajen wuta. Maƙwabta kan haɗa ragunansu su kewaye wuta guda, a yi ta zuba mata icce tun azahar har bayan magariba. Harshen wuta ba ya lasar naman. Zafi da hayaƙi ne ke ratsa shi sannu a hankali, kitse na ɗiga, ana juya gaba ana juya baya, har ya yi jawur. Sai washegari ake rabo, abin da ya rage mata su soya a ajiye. Gashi irin wannan, mai cin awa shida ko fiye, rabinsa nama ne, rabinsa icce. Rago ko ya kai sa girma, in aka kafa shi gaban mugun icce, an ɓata layya.

A Sukukutane da sauran garuruwan Arewa, daga Dogonkiriya zuwa Matankari, daga Dogondutsi zuwa Tibiri da Gesheme, shekaru hamsin da suka wuce ba a tambayar nawa ne iccen gashi. Tambayar ita ce, wane icce ne. Daji yana bakin gari, kuma na kowa ne. Magidanci kan fara tanadin iccen layya tun watan Sallah bai kama ba. In ya je gona ko ya bi fako ya ga busasshen kututture, sai ya sa masa ido, ranar da ya sami sarari ya zo da gatari da jaki. Kafin jajibiri ya tara abin da zai ishe shi, har ya taimaka wa gwauruwa da tsohon da ba shi da ɗa a kusa.

Ƙasar da kanta ce ta raba wa mutane itatuwa. Arewa tana kwance ne a gefen Dallol Mawri, tsohon kwarin da ya gangara daga arewa zuwa kudu har ya kusa kogin Kwara wajen Gaya. A cikin kwari da jigawa akwai gawo, aduwa, kalgo, magarya, ɗanya da kirya, a wuraren da ruwa ke kwanciya kuma akwai bagaruwa da marke. A kan fako, inda ƙasa ke da tsauri da marmara, geza da tsiriri da taramniya ne suka yi kurmi, sabara kuwa babu inda ba ta. Sukukutane tana can ɓangaren arewa, kusa da ƙasar Kurfai, inda damina ta fi gajarta, don haka itatuwanta ba su kai na kudu girma ba. Amma iccen da ya girma a hankali cikin ƙarancin ruwa yakan yi nauyi da tauri, kuma nauyin nan shi ne abin da mai gashi ke nema.

Kowane icce da aikinsa. Sabara ta kunna wuta ce. Tana kamawa da wuri, tana ci da wuri, ta dace da dahuwar kunu ko ɗumama tuwo, amma ba ta barin garwashin kirki. Geza da tsiriri su ne iccen girki na yau da kullum, suna ci da kyau, hayaƙinsu ba ya damun ido. In ana son wutar da za ta daɗe, sai a nemi marke ko bagaruwa ko aduwa. Waɗannan sukan ci su zama garwashi ja wanda ke riƙe zafi tsawon lokaci ba tare da an yi ta ƙari ba. Kirya kuwa sarauniyar garwashi ce, amma an fi barin ta ga maƙera, domin gawayinta ne ke iya narkar da taurin ƙarfe a maƙera, da ita kuma ake sassaƙa turmi da taɓarya. Gawo ba a sare shi. Ganyensa na zuba da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya taka ƙasa, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Sai dai reshen da iska ta karya, shi ma iccensa ba shi da nauyi, nan da nan yake zama toka.

Akwai kuma waɗanda ba a kusantar da su ga nama ko da kyauta aka samu. Tumfafiya da aguwa masu ƙaro fari ne, hayaƙinsu na da yaji da wari, kuma iccensu fanko ne. Ɗanyen icce kowane iri haramtacce ne a wutar gashi. Icce sabon sara kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wuta sai ta ƙone ruwan kafin ta ba da zafi, a nan ne take fitar da farin hayaƙi mai kauri wanda ke baƙanta nama ya sa masa ɗaci. Dattawa ba su da ma'aunin laima, amma suna da kunne da hannu. A buga icce biyu da juna, in suka yi ƙara mai kaifi sun bushe, in suka yi dum da sauran ruwa. A duba bakin sara, in ya tsattsage ya bushe. A ɗaga shi, in ya cika sauƙi gara ta cinye cikinsa. In aka sa shi a wuta ya fara kumfa a ɗaya bakin yana tsuwwa, sai babba ya ce wa yaro: "Kai, janye shi, ɗanye ne." Hayaƙin da ake so shi ne siriri mai ɗan shuɗi, wanda da ƙyar ido ke ganinsa.

Waɗanda suka fi kowa riƙe wannan sani su ne mahauta. Ranar kasuwa, tun kafin a gama fiɗa, yaron mahauci ya riga ya hura wuta a tukuba don ta ci ta faɗa kafin a kafa tsire. Mai tsire yana son garwashi mai zafi daidai, domin ƙuli-ƙulin da aka barbaɗa wa nama saurin ƙonewa gare shi. Mai balangu yana son wuta marar harshe wadda za ta narkar da kitse ba ta kama shi ba. Mai kilishi, bayan rana ta gama nata aikin a kan gadon kara, ɗan gashi kaɗan yake buƙata a kan garwashi mai tsabta, don mugun hayaƙi na minti kaɗan ya isa ya lalata aikin kwana biyu. Yaron da ke koyon fawa yakan daɗe yana aikin icce da wuta kafin maigidansa ya bar shi ya riƙe wuƙa. Ba wulaƙanci ba ne, nan ne asalin sana'ar yake.

Sara ma yana da ƙa'ida. Mata da yara busassun rassa suke tsinta, ba su kayar da icce mai rai. Tsamiya da kuka da wasu manyan itatuwa ana jin nauyinsu, a ƙasar da ta san bori da al'adun Gubawa da Arawa na tun kaka da kakanni. Lugu, garin Sarauniya Mangu wadda ta tsaya wa sojojin Faransa na Bule da Shanuwan a 1899, an san shi da kurmin da ba a shiga da gatari. Musulmi kuma suna da nasu dalilin, aduwa ce ke ba su allon karatu, kuma sun san dasa icce sadaka ce mai gudana. Kowa da hujjarsa, amma sakamakon guda ne, manyan itatuwa sun tsaya.

Abin da ya rushe wannan tsari ba abu guda ba ne. Farin 1973 da 1974 ya kashe itatuwa da yawa a tsaye, na 1984 ya zo ya ƙarasa waɗanda suka raunana. Shekarun da suka biyo baya an sami busasshen icce ko'ina, har mutane suka ɗauka abin ba zai ƙare ba, alhali jarin daji ake ci. A lokacin yunwa, magidancin da rumbunsa ya bushe ba shi da abin sayarwa sai icce. Aka fara jibge shi a bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Doso da Dogondutsi ta nufi Birnin Ƙonni, manyan motoci suna tsayawa suna lodi. Ga kuma yawan jama'a. Nijar da ta sami 'yancin kai a 1960 da mutum wajen miliyan 3, ƙidayar 2012 ta same ta da fiye da miliyan 17. Gonaki suka faɗaɗa, aka daina barin saura ta huta, dajin da ke bakin gari ya koma tafiyar rabin yini da amalanke.

Doka ma ta taka rawa ta hanyar da ba a nufa ba. Tun dokar daji ta Faransa ta 1935, har zuwa ta Nijar ta 1974, an ɗauki icce a matsayin kayan gwamnati. An jera itatuwan da ba a taɓawa sai da izini, irin su gawo, tsamiya, kuka, aduwa, giginya da goriba. Niyyar kare su ce. Amma manomi ya ga in ya bar icce ya girma a gonarsa, ranar da ya sare reshe ma'aikacin gandun daji zai iya cin sa tara. Sai ya gwammace ya share komai tun yana ƙarami. Iccen da ba na kowa ba, ba mai renon sa.

Hukuma ba ta zauna ba. Tun 1975, zamanin Seyni Kunce, aka mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itace. A 1984 aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada. An yaɗa murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi don rage cin icce, a 1992 aka kafa tsarin kasuwannin icce na karkara don mutanen ƙauye su riƙa kula da dajinsu suna cin moriyarsa, a 2004 kuma aka yi sabuwar dokar daji. An yi ƙoƙarin shigar da gawayin ƙasa na Cirozerin cikin gidaje, sannan bayan buɗe matatar mai ta Damagaram a 2011 tukunyar gas ta yawaita a birane. Duk wannan ya rage wa girkin birni wani nauyi. Amma gas ba ya gasa ragon layya, kuma ba ya ba tsire ƙanshin da mai saye ke nema. Shi ya sa duk shekara, in Sallah ta gabato, titunan Yamai ke cika da tulin icce, farashinsa ya hau kamar yadda na rago ke hawa.

Yau mai neman iccen gashi a Arewa da kuɗi a hannu yake fita, kuma zaɓinsa ya ƙuntata. Kirya da marke sun yi wuya. Abin da ya fi yawa a kasuwa shi ne sabara, kalgo, rassan dogon yaro, da saiwoyin da aka tono, wanda shi ne mafi muni, don wanda ya tono saiwa ya kashe icce har abada. Gawayi ya shigo, mai yawansa daga kudu ake kawo shi, kuma gawayin gargajiya yana cin icce aƙalla ninki biyar na nauyinsa kafin ya samu. Sai ga sababbin abubuwan da kakanninmu ba su san su ba: katakon da aka shafa wa fenti, ɓallen akwatin kaya da aka jiƙa da maganin ƙwari, leda da ake kunna wuta da ita, har tsohuwar taya wajen babbaka. Waɗannan hayaƙinsu guba ne, kuma yana zama a jikin nama. Ba ƙanshi kaɗai ake asara ba, lafiyar iyali ce.

Abin da ya sa na ƙara ganin darajar sanin dattawanmu shi ne abin da ke faruwa a can Amurka, inda gashin nama da hayaƙi ya zama abin alfahari. A jihar Oregon wani mutum mai suna Joe Traeger ya ƙera wani injin gashi a 1985, ya yi masa rajista a 1986. Injin ba ya cin faskare. Yana cin dusar katako da aka matse da ƙarfi ta zama 'yan ƙwayoyi masu kaurin milimita 6, irin waɗanda aka fara amfani da su wajen ɗumama ɗaki bayan tsadar man fetur ta shekarun 1970. Ana zuba su a wani mazubi, wani murɗaɗɗen ƙarfe mai aiki da lantarki yana tura su kaɗan-kaɗan cikin ƙaramin kaskon wuta, fanka tana hurawa, na'ura tana daidaita zafi. Nama yana zaune a gefe cikin zafi da hayaƙi na sa'o'i masu yawa. In aka cire lantarki da ƙarfe, gashin layyarmu ne.

Masu wannan inji su ma suna fama da tambayar araha. Ana sayar musu da ƙwayoyin a buhun kilo 9, injin kuma yana cin kusan rabin kilo a awa in wuta ta yi ƙasa, fiye da kilo guda in an ɗaga ta. Dubi abin da masana cikinsu ke gaya wa mai saye. Ya nemi na icce mai tauri, ya guji na ɗumama ɗaki domin ana iya samun icce mai ƙaro a cikinsa. Ya tabbata busasshe ne, laimarsa ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba, don in ya sha ruwa kumbura yake ya koma dusa ya toshe inji. Ya duba gindin buhu, in gari ya yi yawa kayan ba su matsu ba. Ya lura da yawan tokar da yake bari. Ya karanta jikin buhu, don wasu masu araha icce ne na gama-gari da aka sa wa man ƙanshi. Tauri, bushewa, ƙarancin toka, tsabtar hayaƙi, su ne ma'aunai huɗun da mahaucin Sukukutane ke aunawa da kunne da hannu. Har ma ɗaya daga cikin itatuwan da suka fi yabo, wanda ake gashi da shi a Texas, dangin kirya ne na kusa.

Darasin da ke ciki game da kuɗi a fili yake, kuma Hausawa sun riga sun faɗe shi, araha ba ta ado. Damin sabara ko ɗanyen dogon yaro yana iya zama rabin kuɗin damin bagaruwa, amma in sai ka ƙona uku kafin ka sami zafin guda, kai ne da asara, ga nama ya baƙanta. Arahar icce ba a bakin mai sayarwa ake gane ta ba, a tsawon garwashi ake gane ta. Mai ƙaramin ƙarfi yana da hanyoyin da dattawa suka bari. Ya sayi icce tun da rani kafin tsadar Sallah, ya jingine shi a inda iska ke ratsawa, ba a kan ƙasa mai laima ba, musamman yanzu da layya ke faɗowa kusa da damina. Ya kunna da marar nauyi, ya riƙe wuta da mai nauyi. Ya kare wutarsa daga iska, don iska ce ke cinye rabin icce a banza. Ya haɗa kai da maƙwabta, domin wutar da ke gasa rago guda ita ce ke gasa shida in an kewaye ta. Wannan al'ada ta haɗa wuta tana raguwa a wasu unguwanni, kowa ya shige gidansa da tasa, kuma daji ne ke biyan kuɗin wannan rabuwa.

Wasu na cewa mu ma mu matse karan hatsi da ɓawon gyaɗa su zama makamashi, kuma an gwada irin haka a ƙasashen Sahel. Ga ɓawon gyaɗa da dusar masassaƙa, shawara ce mai kyau. Amma kara a Arewa ba shara ba ne. Shi ne abincin dabba da rani, shi ne danga da zana, shi ne kuma rigar da ke kare gona daga iskar bazara. In aka kwashe shi aka kai wuta, an biya kuɗin makamashi da amfanin gonar baɗi.

Hanyar da ta nuna kanta ita ce wadda manoma ke kira sassaben zamani. Tun 1983 aka fara yaɗa ta a ƙasar Maraɗi, da hannun wani ma'aikacin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ko da yake tushenta tsohuwar dabarar manoma ce. Ba dashe ake yi ba. Kututturan da ke cikin gona suna da rai a ƙarƙashin ƙasa, duk shekara suna tofo. Maimakon a share tohon duka, sai a zaɓi ƙarfafa biyu ko uku a bar su, a datse sauran, a riƙa yi musu aski. Cikin 'yan shekaru sun zama itatuwa. Masu binciken da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar ta wannan hanya, da itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawansu a Maraɗi da Damagaram. Abin da ya sa ta karɓu shi ne manomi ya fara jin iccen gonarsa nasa ne. Rassan da yake datsewa duk shekara su ne iccen girkinsa, ba tare da ya kashe uwar ba.

Arewa tana da duk abin da wannan aiki ke buƙata. Sabara da kalgo da geza da taramniya suna tofo da kansu, aduwa da gawo da bagaruwa suna fitowa daga kashin dabbobi. Abin da ya kamata a ƙara shi ne a yi zaɓe da idon mai gashi da na maƙeri, kada a bar masu saurin girma kaɗai. Duk wanda ya ga ƙaramar kirya ko marke a gonarsa ya kewaye ta da ƙaya, ko da jikokinsa ne za su ci moriyarta. Hukumomin garuruwa irin su Sukukutane da Dankasari da Kiyeshe, da sarakuna da limamai da sarakunan fawa, suna da bakin da za su hana tonon saiwa da gashi da leda, su kuma tsaya wa manomi a kan iccen da ya rena. Dattawan da suka san sunan kowane icce da irin wutarsa suna nan da ransu a garuruwanmu. Ya kamata matasa su zauna da su su tambaya tun yanzu, su bi su gona a nuna musu tohon da za a bari kafin sharar gonar bana.